Wace Fulawa Ce Ta Dace Da Burodin Gida? Daga Ijora Zuwa Agege

  Zancen shirin faɗakarwa na wannan mako na fulawa ne, musamman wadda ake yin burodi da ita a gida. An shirya shi ne domin iyaye mata da 'yan'uwa mazauna Ijora da Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, da duk wanda tsadar burodi ta sa ya fara tunanin kunna tanda da kansa.

Mutumin Ijora ba ya buƙatar a ba shi labarin fulawa. Tirelolin da ke fitowa daga Apapa shaƙe da fararen buhuna ta ƙofar gidansa suke wucewa, wasu su nufi Agege da Ikorodu, wasu su miƙa har Kano da Sakkwato. A bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, tafiyar 'yan mintuna daga Ijora in an yi sa'a babu cunkoso, nan babbar masana'antar niƙa ta Flour Mills of Nigeria take. Wani ɗan kasuwa mutumin Girka mai suna George Coumantaros ne ya kafa kamfanin a 1960, injinansa suka fara aiki a 1962 suna niƙa tan 500 na alkama a rana. A yau wurin yana iya niƙa fiye da tan 8,000 a rana, shi ya sa ake lissafa shi cikin manyan wuraren niƙan alkama na duniya. Daga can fulawar Golden Penny take fitowa.

Amma wannan kusanci bai sa uwargida a Ijora Badia ta sayi fulawa da arahar a-zo-a-gani ba. Dalilin yana cikin jiragen ruwan da ke tsayawa a bayan masana'antar. Najeriya tana cin alkama tan miliyan 5 zuwa 6 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje ake kawo ta: Amurka, Kanada, Rasha, da ƙasashen Turai irin su Foland da Lituwaniya. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta gudanar a 2021 ya nuna cewa alkamar da aka noma a gida ba ta kai tan 40,000 ba. Da dala ake biyan kuɗin kowane jirgi, saboda haka duk sanda naira ta yi ƙasa, mudun fulawa sai ya yi sama.

Masu sana'ar burodi sun ga haka da idonsu. A wajen 2019 buhu mai kilo 50 bai wuce naira 12,000 ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin alkama ya yi tashin gwauron zabo a duniya, har ƙungiyoyin masu gidajen burodi na Najeriya suka tafi yajin aiki a watan Yulin wannan shekarar. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. A Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa suka fito kan titi a Kano suna kokawa da tsadar fulawa. Kafin shekarar ta ƙare, buhu ya wuce naira 60,000 a kasuwanni da dama, duk da sassaucin harajin shigo da alkama na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a watan Yuli. Burodin da ake saya wa yara na kari ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ninka. Nan ne gidaje da yawa suka fara tambayar ko yin na gida zai fi sauƙi, da kuma wace fulawa za a saya.

Kafin a amsa, yana da kyau a san irin burodin da bakin mutanen Legas ya saba da shi, domin shi ne ma'aunin da uwargida za ta gwada nata da shi. Tarihin burodin Ikko ba ya cika sai an ambaci Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo Najeriya a 1913 aikin jirgin ƙasa, daga baya ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta, maƙwabciyar Ijora. Shi ake dangantawa da shigo da injin murza kwaɓi, wanda ake tura kwaɓin ta tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa har ya yi sumul. Wannan murza ita ke ba burodin Agege laushinsa da nauyinsa da jan da yake yi in an yage shi. Agege kuwa, Hausawa sun daɗe da kafa zango a cikinta albarkacin cinikin goro da layin dogon da ya haɗa Legas da Kano, kuma teburin mai shayi ya taimaka ƙwarai wajen mayar da wannan burodi abincin kowa. Abin lura a nan shi ne, burodi mai ja irin na Agege yana buƙatar fulawa mai ƙarfi wadda za ta jure dogon murza ba ta tsinke ba.

To, su wa ke niƙa fulawar da ke kasuwa? Idan aka shiga shagon dila za a ga sunaye da yawa a jikin buhuna, amma masu su kaɗan ne. Golden Penny ta Flour Mills of Nigeria ce. Honeywell, wadda Oba Otudeko ya gina, ita ma tun 2022 mafi yawan hannun jarinta ya koma hannun Flour Mills. Haka kamfanin Eagle na Ibadan da Northern Nigeria Flour Mills na Bompai a Kano, duk 'yan gida ɗaya ne. A ɗaya ɓangaren akwai Olam, kamfanin da ya faro a Najeriya a 1989 da fitar da kashu, ya sayi Crown Flour Mill a 2010, mai fulawar Mama Gold. A 2016 Olam ya sayi masana'antun fulawa na BUA, a 2019 kuma ya sayi Dangote Flour Mills. Mutane da yawa har yanzu ba su san cewa kamfanin fulawar da ke ɗauke da sunan Dangote ya bar hannun Alhaji Aliko ba. Shi kuwa Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u mai kamfanin BUA ya sake dawowa harkar da sababbin injina a Fatakwal, inda BUA Foods ke fitar da fulawa mai suna IRS. Akwai kuma Life Flour Mill a Sapele.

Wannan bayani yana da amfani ga aljihun mai saye. Tun da manyan gidaje biyu zuwa uku ne ke riƙe da mafi yawan kasuwar, kuma duk a kasuwar duniya ɗaya suke sayen alkama da dala ɗaya, farashinsu ba ya nisa da juna. In ɗaya ya ƙara, sauran ba sa daɗewa. Tazarar da ke tsakanin manyan sunaye a kan buhu guda yawanci ƙarama ce idan aka kwatanta da kuɗin buhun baki ɗaya. A ɗauki misali: buhu ɗaya naira 60,000, ɗayan 58,000. Na farko kilo ya kama 1,200, na biyu 1,160. Ga mai kwaɓa kilo ɗaya ko biyu a mako, naira 40 ce tsakani a kowane kilo. Wannan ba kuɗin da za a sadaukar da ingancin burodi a kansa ba ne.

Inda bambanci na gaske yake shi ne nau'in fulawar, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Kamfani ɗaya yana niƙa fulawa iri-iri. Akwai ta burodi, akwai ta kek da biskit, akwai ta tsaka-tsaki da ake cewa ta kowane aiki. Abin da ya raba su shi ne yawan sinadarin furotin da ke cikin alkamar. Idan fulawa ta haɗu da ruwa aka murza, wannan furotin ne ke zama danƙo, wanda masana ke kira gulutin. Yis yana cin sukari yana fitar da iska, danƙon kuma shi ke riƙe iskar a cikin kwaɓi har ya kumbura. Fulawar burodi tana da furotin wajen kashi 12 zuwa 13 cikin 100, ta tsaka-tsaki wajen 10 zuwa 11, ta kek kuwa 7 zuwa 9. Uwargidan da ta sayi fulawar kek, irin wadda Golden Penny ke rubuta wa Confectionery, ta yi burodi da ita, za ta ga ya tashi da farko sannan ya zauna a cikin tanda, in an yanka ya yi ta marmashewa. Sai ta ce kamfanin ya lalace, alhali fulawar lafiyarta ƙalau, an dai sa ta aikin da ba nata ba. Haka in aka yi kek da fulawar burodi, sai ya fito da tauri.

Akwai kuma garin da ba na burodi ba ne sam, ko da yake daga alkama aka yi shi. Semovita da Semolina da garin alkama na tuwo, irin su Goldenvita da Honeywell Wheat Meal, niƙansu ya fi kauri, an yi su ne domin tuƙi. Mai son burodin alkama mai ruwan ƙasa zai iya zuba kaɗan daga garin alkamar a cikin farar fulawa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙara ruwa kaɗan domin dusa tana shan ruwa. In ya yi da shi zalla, burodin zai yi nauyi, saboda dusar tana yanka danƙon.

Tambayar da za a yi wa mai shago ke nan: Malam, wannan ta burodi ce ko ta kek? In ya yi inda-inda, a juya leda ko buhu a karanta. A kan ƙananan ledoji akan rubuta yawan furotin a kowane giram 100.

Yanzu ga gwajin da kowa zai iya yi a ɗakin girki, ba tare da ya kashe fiye da kuɗin kofi ɗaya na fulawa ba. A auna giram 100 na kowace fulawa da ake son kwatantawa, a sa kowace a kwanonta. A zuba ruwa wajen giram 55 zuwa 60, a murza har ya zama curi mai santsi. A nitsar da curin a ruwa na rabin awa zuwa awa ɗaya. Sannan a riƙa matsa shi a hankali a cikin ruwan, ana sauya ruwa, a kan rariya don kada gutsattsari su zube. Ruwan zai yi fari, wannan sitaci ne ke fita. Idan ruwan ya daina fari, abin da ya rage a hannu shi ne danƙon, mai launin ƙasa-ƙasa, yana ja kamar cingam. Fulawa mai ƙarfi takan bar wajen giram 30 ko fiye. Amma ba yawan kaɗai ake dubawa ba. A ja shi a gani. Mai kyau zai miƙe ya kuma nemi komawa. In ya tsinke nan take, ko ya saki ya narke a yatsu, fulawar ba za ta riƙe burodi ba. Wanda ya yi wannan gwaji da fulawa biyu gefe da gefe ya fi wanda ya ji talla sau goma sanin abin da zai saya.

Gwaji na biyu shi ne shan ruwa, kuma shi ne sirrin da masu gidajen burodi ke lissafin ribarsu da shi. Fulawa mai ƙarfi ta fi shan ruwa, ruwa kuma nauyi ne a kan sikeli. A ce an kwaɓa kilo ɗaya da sukari giram 100, bota giram 50, gishiri giram 18 da yis giram 10. Wata fulawar za ta ɗauki ruwa giram 580 kwaɓin ya yi daidai, wata sai ta sha 620. Giram 40 ne tsakani a kilo guda, amma a buhu mai kilo 50 ya zama ƙarin kwaɓi kilo 2, wato burodi uku masu giram 600 da ɗoriya. Ga matar da ke yi tana sarar wa masu shayi a Ijora ko Zangon Agege, waɗannan ukun sun biya tazarar farashin har da saura. Burodin da ya sha ruwa yadda ya kamata kuma ya fi daɗewa da laushi. Shi ya sa ƙwararru ba sa tsayawa a kan nawa ne buhu, sai su tambayi burodi nawa buhun zai fitar. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a harkar fulawa kuwa wani lokaci mai tsadar ce ke fitowa da araha.

Wani zai ce, to a faɗi sunan wadda ta fi kawai a huta. Masu gidajen burodi a Legas kowa da gwanarsa. Wani ba ya sauka daga Golden Penny, wani Mama Gold ya riƙe, wani Honeywell Superfine, wani ya koma IRS, kuma da yawansu haɗa iri biyu suke yi a kwaɓi ɗaya. Akwai dalilin da ya sa ra'ayin ya rarrabu. Kowace masana'anta gauraya alkama take yi, mai ƙarfi ta Kanada ko Amurka da mai sauƙin kuɗi ta wasu ƙasashe, gwargwadon abin da jirgi ya kawo da abin da kasuwa ta ba da. Suna ƙoƙarin daidaita ingancin, amma buhun watan Janairu ba lallai ya zama daidai da na watan Yuni ba ko da sunan ɗaya ne. Don haka shawarar shirin nan ita ce, duk lokacin da aka buɗe sabon buhu a rage ruwa kaɗan daga abin da aka saba, a riƙa ƙarawa da cokali har hannu ya ji kwaɓin ya yi. Fulawar burodi ta kowane ɗaya daga cikin waɗannan manyan kamfanoni tana iya fitar da burodi mai kyau in sabuwa ce kuma an ajiye ta da kyau.

Wannan sharaɗi na ajiya shi ne babbar matsalar Legas. A Kano ko Katsina iska busasshiya ce mafi yawan shekara. A Ijora kuwa, unguwa ce a bakin ruwa, laima ba ta rabuwa da ita, kuma mutanen Badia sun san abin da damina ke yi wa ɗakuna. Ana fitar da fulawa daga masana'anta da danshin da bai wuce wajen kashi 14 cikin 100 ba, amma tana jan danshi daga iska da kuma siminti. Da ta ja, sai ta dunƙule, ta fara warin fumfuna, ƙwari su samu wurin zama. Tana kuma ɗaukar warin abin da ke kusa da ita, ko kananzir ne ko sabulu ko busasshen kifi. Saboda haka kafin a biya kuɗi a dubi inda mai shago ya jera buhunansa. A kan katako suke ko a ƙasa? Sun jingina da bango? A duba ranar da aka niƙa da ranar da za ta ƙare aiki. A duba ɗinkin bakin buhu, domin akwai marasa tsoron Allah da ke farke buhu su ɗebi mudu ɗaya ko biyu su sake ɗinkewa, ko su zuba wata fulawar a tsohon buhun sanannen kamfani. In da hali a ɗora a sikeli. A gida kuma a juye a bokiti mai murfi da ke rufuwa ruf, a ɗora a kan benci nesa da murhu, kuma a tankaɗe kafin kowane kwaɓi.

Akwai wani abin da maƙwabtan masana'anta ya kamata su sani. Fulawar da aka niƙa jiya-jiya ba ita ce ta fi yin burodi ba. Takan ƙara ƙarfi in ta huta mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya samu buhu da ɗuminsa daga Apapa ya ga kwaɓin yana ɗan saki, ya ba shi 'yan kwanaki.

Sai maganar yawan da za a saya, domin a nan ma kuɗi na zurarewa. Ledar kilo ɗaya ko biyu ta kanti ta fi tsafta, tana da kwanan wata da lambar NAFDAC, amma in aka lissafa a kilo ta fi buhu tsada sosai. Awon mudu a kasuwa ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi, sai dai mai saye bai san sunan fulawar ba, bai san nau'inta ba, bai san tun yaushe buhun yake buɗe ba, kuma mudu awon cika ne, ba na nauyi ba. Fulawar da aka tankaɗe ta yi sako-sako za ta cika mudu da nauyin da bai kai na wadda aka danna ba. Buhu mai kilo 50 shi ya fi araha, amma ya yi wa gida ɗaya yawa a wannan laima. Mafita mai kyau ita ce karo-karo. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, ko matan islamiyya ɗaya, a sayi buhu daga dila sananne, a raba da sikeli a gaban kowa. Kowace ta samu kilo 10 ko 12 da rabi a farashin sari, ta kuma san abin da ta saya. Wadda dole sai mudu za ta saya, ta nemi ganin buhun da ake ɗiba daga ciki, ta shinshina, ta damƙi kaɗan a tafin hannu. In ta saki ya warware, da sauƙi. In ya tsaya a dunƙule da sanyi-sanyi, ya sha laima.

A lura kuma da wata 'yar alamar ido da ake bugawa a jikin leda da buhu. Tun 2002 doka ta wajabta wa masu niƙa fulawa a Najeriya su ƙara mata sinadarin bitamin A, kamar yadda aka wajabta a sukari da man girki, tare da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da wasu bitamin. Alamar idon ita ke nuna haka. Ga gidan da yara ke karyawa da burodi kullum, wannan ƙari ne da aka riga aka biya kuɗinsa a cikin farashi, kuma fulawar da ba a san asalinta ba ba ta da wannan tabbaci.

Akwai gargaɗin da shirin nan ba zai wuce bai yi ba. Wasu masu sayar da kayan burodi suna da wani farin gari ko ƙwaya da suke ba mutum a ɓoye, su ce ita ce ke sa burodi ya yi tsawo ya cika gwangwani. Sau da yawa buromet ne. Yana ƙarfafa danƙon fulawa mai rauni, shi ya sa yake ruɗar mai neman riba. Amma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ka iya haddasa kansa, kuma yana illa ga ƙoda. Ingila ta haramta shi tun 1990, Najeriya ma NAFDAC ta haramta shi a farkon shekarun 2000, zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili. Babbar fa'idar burodin gida ita ce uwa ta san abin da ta zuba a cikin 'ya'yanta. In ta ɗauko buromet ta sa, ta zubar da wannan fa'ida da hannunta. Fulawar burodi ta gaskiya ba ta buƙatarsa. Mai son ƙarin tashi ya nemi sinadarin inganta kwaɓi mai lambar NAFDAC, wanda akan yi da bitamin C, ko kuma ya ƙara murza, domin da hannu kwaɓi yana son minti 15 zuwa 20 na aiki sosai. Alamar ya yi ita ce a ciri ɗan kaɗan a buɗe shi da yatsu har ya yi siriri haske na ratsa shi bai yage ba.

Sau da yawa ma laifin da ake ɗora wa fulawa na zafin gari ne. A Legas kwaɓi yana tashi da sauri. In aka kwaɓa da ruwan ɗumi aka bar shi ya wuce lokaci, sai ya yi tsami ya faɗi. Ruwa mai sanyi ya fi dacewa da wannan yanayi, ruwan zafi kuwa kashe yis yake yi. A bar kwaɓi ya ninka girmansa sau ɗaya, a danne, a naɗe a sa a gwangwani, ya sake tashi, a gasa a zafin digiri 180 zuwa 200. Wadda ba ta da tanda ta zamani, babbar tukunya mai kauri da yashi mai tsafta ko duwatsu a ƙasanta tana yi, in an bar ta ta yi zafi tukuna kuma ba a yawan buɗe murfin.

Mutanen Arewa mazauna Kurmi sukan tambaya, ina alkamar gida? Hausawa sun san alkama tun kafin zuwan Bature, da ita ake alkaki da finkaso da alkubus da taliyar hannu, kuma gurasar Jakara a Kano ta shahara. Ana noma ta da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja da Bakolori da wajen Tafkin Chadi, domin tana son sanyin hunturu. Tun 1985 wasu masana biyu, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka rubuta littafi mai suna The Wheat Trap a kan yadda ƙasar ta dogara da abincin da ba ta iya noma isasshe. Gwamnatin Janar Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, aka ɗage haramcin a 1992. An gwada cusa garin rogo a fulawa zamanin Obasanjo, aka sake gwadawa a 2012 lokacin Akinwumi Adesina yana ministan noma. A ƙarshen 2023 aka ƙaddamar da wani sabon shirin noman alkama na rani a Jigawa. Ƙoƙari ne da ya cancanci goyon baya, domin kuɗin da ke tafiya waje a gonakin Arewa ya kamata ya zauna. Wanda aka aiko masa da alkama daga gida zai iya wanke ta, ya shanya, ya kai inji, ya gauraya da farar fulawar burodi. Sai dai ya niƙa kaɗan-kaɗan, domin garin alkama mai dusa yana da mai a cikinsa, ya fi farar fulawa saurin sauya wari.

Masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Uwargida da za ta shiga kasuwa a wannan mako, ta tambayi fulawar burodi da sunanta, ta karanta kwanan wata, ta dubi inda aka ajiye buhun, ta sayi kilo ɗaya-ɗaya daga kamfani biyu ta gwada danƙonsu da shan ruwansu kafin ta sa kuɗi a buhu. Wanda kuma aka yi wa tallar buromet, ko ya ga ana sake ɗinke buhuna, ya sanar da ofishin NAFDAC mafi kusa da shi.